Kofi Bai Zube Ba

A zaurenmu na intanet, duk wanda ya turo gyaran da ya taɓa birki, to ya nemi wuri ya zauna. Ko shi ya ƙera kwamfuta da hannunsa, gyaran nan ba zai shiga ba sai Yayana ya gwada shi ya rubuta a ƙarƙashi: kofi bai zube ba.

Manhajar tamu ta tuƙa inji ce. Ita ke gaya wa injin sassaƙa katako ko na yankan ƙarfe inda zai nufa, da irin gudun da zai yi, da inda zai tsaya. Kyauta ce, kowa na iya ɗauka, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, kuma wallahi kowa na gyarawa, har da mutanen da bai kamata a bar su kusa da rediyo ba. Shi ya sa aka yi tsari. In kana da gyara, ka ware reshenka ka yi ɓarnarka a can, ka turo, wani ya karanta, sannan mai mabuɗi ya haɗe shi da babban reshen da jama'a ke saukewa suna sa wa injinansu. Kuma ba mai haɗe gyaran kansa, komai girmansa. Wannan dokar Yaya ne ya rubuta ta tun ina 'yar makaranta ina kawo masa abinci shago, ina leƙen fuskar kwamfutarsa yana kora ta.

Birki shi ne ɓangaren da ke tsayar da inji idan an danna jan maɓalli. Yaya ke riƙe da mabuɗinsa tun farko, har sunan ya bi shi. Akwai mutanen da suka shekara da shekaru suna gardama da shi a zaure, ba su san shi da wani suna ba sai Mai Birki. Ni kuwa Auta yake ce min, a gida da zaure duka, har mutanen da ba su san ma'anar kalmar ba suka ɗauka sunana ke nan. Ina da furfura yanzu, ina da ma'aikata a ƙarƙashina, amma Auta nake. Shagon ƙofofi da kabad da mahaifinmu ya bari ni ke gudanar da shi, kuma ni ke riƙe da mabuɗin ɓangaren da mai aiki ke gani a fuskar kwamfuta.

Kofin kuwa kofi ne na gaske, na gilashi, mai ɗan tsagu a baki. A can ƙuryar shago, bayan tarin katako, akwai injinmu na farko da muke kira Tsohuwa. Ba ta ƙara yin aikin kasuwa, gwaji kawai take yi. Yaya zai ɗora mata sabon gyara, ya ja layi da alli a kan teburinta, ya cika kofin da ruwa har baki ya ɗora a kan injin, ya sake ta da cikakken gudu. Sai ta shiga kwana, daidai inda inji ya fi ƙin tsayawa, sai ya danna jan maɓalli. In ta tsaya da fizga, ruwa ya zube, gyara ya faɗi. In ta tsaya da sanyin jiki ta ƙetare layin alli, gyara ya faɗi. Masu digiri sun sha kawo masa lissafi da zane-zane don su nuna gyaransu daidai ne, yakan karanta duka da ladabi, sannan ya tashi ya je ya cika kofi.

Abin ya fara ne da hoton hannu. Akwai wani dattijo a zauren da muke kira Mai Agogo, a wata ƙasa yake mai nisa inda safiyarsu ke zama yammacinmu, yana da ɗan ƙaramin inji da yake yanka haƙoran agogo da shi. Mutum ne da ko zaginsa ka yi sai ya yi maka godiya kafin ya amsa. Ya turo hoton babban yatsansa naɗe da bandeji, ya rubuta cewa ya sauke sabuwar fitowar manhajar, ya ga tagullar da yake yanka ta goce, ya danna jan maɓalli ya kai hannu, amma injin bai tsaya nan take ba, sai da ya ƙarasa kwanar da yake ciki. Ya ce ba ƙorafi yake ba, raunin ma kaɗan ne, yana dai tsoron masu manyan injina.

Zaure ya kama da wuta. Aka bi sawun gyare-gyare ɗaya bayan ɗaya har aka kama mai laifin. Gyara ne da Sarkin Gardama ya turo don kwana ta riƙa fita sumul. Sarkin Gardama injiniya ne, gwani ne kuma, na yarda, amma in ka ce masa ina kwana sai ya tambaye ka hujja. A ƙarƙashin gyaran nasa, ga rubutun Yaya ɓaro-ɓaro: kofi bai zube ba.

Sarkin Gardama ya amsa laifinsa a layi ɗaya, sannan ya yi shafi guda yana tambayar yadda aka yi gwajin kofi bai kama wannan ba, alhali a kwana ake danna maɓallin. Ni kuma na zare masa. Na ce Yaya na gwada birki tun shi yana koyon ɗaura igiyar takalmi. Na ce ƙila injin Mai Agogo ne ke da tasa matsalar. Na faɗi maganganu da dama waɗanda har yanzu suna nan a rubuce, don zaurenmu ba ya mantuwa. Daga nan na tashi daga ofis a fusace na nufi ƙurya, da niyyar in maimaita gwajin in ɗauki bidiyo in liƙa musu a goshi.

Kofin yana kan taga inda yake zama. Garin katako ya cika shi kusan rabi, ya daskare a gindi, har gizo-gizo ya yi saƙa daga bakinsa zuwa ƙarfen taga. Layin alli ya dushe. Na danna makunnin Tsohuwa, shiru. Na bi wayarta da hannu har bango, sai na tarar da soket ɗin babu wuta, tun gyaran wayoyin da aka yi mana watannin baya mai lantarki ya yanke layin ƙuryar bai mayar ba. Ba wanda ya lura, don ba mai zuwa wurin sai Yaya. Kuma a cikin watannin nan Yaya ya rubuta kofi bai zube ba a ƙarƙashin gyare-gyare da yawa.

Na zauna a kan wani guntun katako. Yayana bai taɓa yin ƙarya a kan inji ba. Ko a kan mutane ma ba ya yi, shi ya sa abokansa ba su da yawa.

Washegari da hantsi na je gidansa. Matarsa ce ta buɗe min, tana ganin fuskata ta kauce da ido. Mun saba da tsokanar juna ni da ita, takan ce ƙanwar miji ta zo duba ko an ba ɗan'uwanta abinci, ni kuma in ce ai dole, tunda na ga yana ramewa. Ranar ba wanda ya tsokani wani. Ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

Na ce, "Anti, yaushe rabon Yaya da shago?"

Ta ce, "Kullum yana zuwa." Sai ta goge hannunta da bai jiƙe ba. "Kullum yana sa takalmi ya ce ya tafi gwaji. Ya kai bakin get ya tsaya, ya daɗe yana kallon titi, ya dawo ya ce an gama, ya zauna ya rubuta."

"Kuma ba ki gaya min ba?"

"In ce miki me, Auta? Rannan ya tambaye ni ko Inna ta ci abinci."

Innarmu ta rasu tun kafin a haifi ɗansu na biyu. Na jingina da firiji. Ta ce ta kai shi asibiti da dabara, da sunan awon jini, likita ya yi masa tambayoyi ya ba abin suna, ya ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ta ce shi ya roƙe ta kar ta faɗa wa kowa, daga baya kuma ya manta ya roƙa, ya manta ma an je asibitin. Ita kaɗai ta rage tana riƙe da alkawarin. Na so in yi mata faɗa, faɗan yana bakina, amma na dubi yadda ta zabge sai na haɗiye.

Yaya na falo, kwamfuta a cinya, tabarau a goshi yana neman tabarau. Ya gan ni ya washe baki.

"Auta mai bakin tsiya. Na ga kin cinye Sarkin Gardama ɗanye jiya."

"Yaya, gyaran nan nasa, ka gwada shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Na gwada mana. Ruwan ma ya ɗan yi rawa, ya taru a gefe kamar zai zuba, ya koma. Kina tsaye ai, da jar rigar makarantarki, kina cewa in bar ki ki danna."

Ya faɗe shi da cikakkiyar gaskiya a fuskarsa. An yi wannan ranar kuwa, na tuna ta, na tuna rigar. Na sauko masa da tabaraun daga goshi, ya yi dariya ya ce tsufa ya zo.

Masu mabuɗi a aikin nan ba mu da yawa, kuma muna da ɗan ɗakinmu na magana da jama'a ba sa gani. A nan na gaya wa Sarkin Gardama da Mai Agogo abin da na tarar. Rubuta shi ya fi min zafi fiye da ganin kofin. An riga an janye sabuwar fitowar, an dakatar da haɗe komai, gyare-gyaren mutane na ta taruwa suna jira, wasu har sun fara tambaya ko aikin ya mutu ne.

Sarkin Gardama, abin mamaki, bai nemi hujja ba. Ya ce ya yi baƙin ciki, ya ce Mai Birki ne ya karanta gyaransa na farko a duniya ya mayar masa da shi har ya gaji. Sannan ya koma halinsa: a cire mabuɗin yau, kafin a sake buɗe reshe, don akwai masu injinan da ke iya raba mutum da hannu gaba ɗaya. Ya ce ni ke da ikon yin hakan, dannawa ɗaya ce.

Mai Agogo ya kawo wata shawara. Ya ce a yi wa Mai Birki reshe na musamman, mai kama da babban reshe a ido, wanda ba ya zuwa ko'ina. Ya ci gaba da sa hannu a can, mu kuma mu riƙa amsa masa bi da bi, yau wannan gobe wancan, har iya ranar da Allah ya nufa. Ya ce haka suka yi wa mahaifinsa, suka bar masa agogunan da ba na kowa ba yana kwancewa yana ɗaurawa.

Mutumin kirki ne, kuma da yatsa a naɗe ya rubuta wannan, amma raina ya ɓaci. Na ce ba za a miƙa wa Yayana wayar roba irin ta jarirai ba. Mutumin da ya koya mana kar mu yarda da abin da ba mu gwada ba, shi za mu taru mu yi wa wasan kwaikwayo? Sarkin Gardama ya ce to ki cire. Na buɗe shafin, na kai kibiyar kwamfuta kan sunan Yaya, na kasa. Na rufe kwamfutar na fita na yi wa masu fenti masifar da ba su ci ba su sha ba.

Na kira mai lantarki ya mayar wa Tsohuwa wuta. Na wanke kofin. Kwanakin da suka biyo baya na bi duk gyaran da Yaya ya sa wa hannu tun lokacin da wutar ta yanke, ina ɗora su ɗaya-ɗaya ina gwadawa, da fatan a ce na Sarkin Gardama ne kaɗai. Yawancinsu lafiya lau. Amma akwai wani da ya sa Tsohuwa ta tsaya da irin fizgar da sai da ruwa ya fantsamo min a riga. Wannan ma yana can a injinan mutane. Daga nan na daina yi wa kaina daɗin baki.

Anti ta ce da safe Yaya ya fi zama garau, bayan ya karya. Sai na je na ɗauko shi a mota. A hanya yana ta ba ni labarin wani kwastoma da ya mutu tuntuni kamar jiya suka rabu, amma muna shiga shago, ƙanshin katako ya buge shi, sai ya miƙe sosai ya fara duba aikin ma'aikata yana cewa wannan ƙofar ta karkace. Ta karkace ɗin kuwa.

Ban yi masa wani bayani ba. Na ce akwai gyaran da nake so ya gwada min. Na ɗora na Sarkin Gardama. Hannuwansa ba su manta komai ba. Ya ja layin alli ba tare da ya auna ba, ya cika kofi har ruwan ya yi tudu a baki, ya ɗora shi a hankali, ya saki Tsohuwa. Ta taho da gudu tana kuka irin nata, ta shiga kwana, ya danna. Ta ci gaba abinta, ta ƙetare layin alli da kusan tafin hannu, sannan ta tsaya.

Yaya ya ja da baya. Ya ce, "Kai! Wannan ai kisa ne. Wa ya rubuta?"

"Sarkin Gardama."

"To a mayar masa da kayansa. Ba a haɗe ba dai ko?"

"An haɗe, Yaya. Ya fita. Ya yanki Mai Agogo a yatsa."

Fuskarsa ta canja. "Wane jakin ne ya sa wa wannan hannu?"

Na juyo masa da kwamfutar. Ya sunkuya ya karanta, ya ga sunansa, ya ga kalmominsa. Ya ce ai ya gwada. Na ce Tsohuwa ba ta da wuta a lokacin, na nuna masa sabuwar wayar da aka ja, da farin siminti a bango da bai gama bushewa ba. Ya dubi wayar, ya dubi kofin, ya dubi layin alli. Ya daɗe. Na ga lokacin da abin ya isa gare shi, kuma da ina da iko da na mayar da shi baya.

Ya zauna a kan guntun katakon nan. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Yatsan nasa, zai ci gaba da aiki da shi?"

"Zai ci gaba. Ya ce kaɗan ne."

"Shi komai kaɗan ne a wurinsa." Ya cire tabarau ya riƙe. "Auta, kaina ne, ko?"

Na ce e.

"Tun yaushe?"

"Anti ta ce an ɗan jima."

Ya gyaɗa kai. Sai ya miƙo hannu na ba shi kwamfutar. Na zaci zai rubuta wa Mai Agogo ne. Ashe reshe ya ware, kamar yadda kowa ke yi. Ya buɗe inda aka rubuta wanda ke da iko a kan kowane ɓangare, ya goge sunansa daga gaban birki, ya sa nawa. Sannan ya rubuta bayanin gyaran, a tsarin da ya koya mana, dalili tukuna kafin abin da aka canja. Yana rubutu yana tsayawa, wani lokacin ya tambaye ni kalma. Ga abin da ya rubuta:

"Mai riƙe da birki ya sa hannu a kan gyaran da bai gwada ba, yana ganin ya gwada. Ba ganganci ba ne, rashin lafiya ce, kuma za ta ƙaru. Wani ya ji rauni. Wanda ba zai iya bambance gwajin yau da na shekarun baya ba bai kamata ya riƙe mabuɗi ba. Wannan gyaran ya karɓe shi daga hannunsa. In ya dawo yana neman a mayar masa, kar a mayar."

Ya tura, ya turo min kwamfutar.

Na ce, "Yaya, ka bari Sarkin Gardama ya haɗe."

"Ke ce a kusa. Ni dai kin san ba zan haɗe nawa ba." Ya ɗan murmusa. "Karanta da kyau. Kar ki sa hannu don ina yayanki."

Na karanta, ko in ce na kalli wurin, don idona ya cika. Na nemi kuskure, wallahi na nema, ko ɗan ƙarami ne da zai sa in mayar masa in ce ya gyara mu sake zama wani makon. Babu. Na danna. Abin da na kasa yi ni kaɗai, ya tsaya a kaina na yi shi a gabansa, kamar yadda ya tsaya a kaina ranar da na fara kunna inji.

A zaure, saƙonni suka fara zuwa daga mutanen da ban taɓa jin ɗuriyarsu ba, masu yin jiragen ruwa na katako, masu yanka allunan talla, wata mata mai ƙera ƙafafun roba. Wasu suka turo hoton kofi a kan injinansu. Na karanta masa a mota, yana ta cewa mutane ba su da aikin yi. Aka buɗe reshe, aka cire gyare-gyaren nan biyu, aiki ya ci gaba. Na ɗauka mafi wuyar ya wuce.

Ba a rufa mako ba ya kira ni da safe.

"Auta, wani ya taɓa mabuɗina. Ina ta sawa yana ƙi. Duba min, akwai gyare-gyare na jira."

Na je na nuna masa abin da ya rubuta. Ya karanta, ya tambayi yatsan Mai Agogo, ya tambaya ko kansa ne, ya cire tabarau. Duk abin da ya faru a ƙuryar shago ya sake faruwa a falonsa, sabo fil, sai dai wannan karon ya yi kuka. Bayan 'yan kwanaki ya sake kira. Na sake zuwa. A karo na gaba Anti ta tare ni a bakin ƙofa, ta riƙe min hannu.

"Don girman Allah, Auta, ki ce masa intanet ce ta lalace. Ke kina nuna masa ki tafi shago, ni ke kwana da shi."

Gaskiya ta faɗa. Na koma gida ina tunanin reshen ƙaryar da Mai Agogo ya kawo, wanda na yi wa tsawa, na ga ashe dattijon ya san abin da ban sani ba. Duk da haka ban iya ba. Abin da na yi shi ne, duk ranar da gyaran birki ya zo, sai in je in ɗauko Yaya. Shi ke jan alli, shi ke cika kofi, shi ke cewa yanzu, ni in danna. Ni ke rubuta kofi bai zube ba, in ƙara da cewa Mai Birki na tsaye. Wannan ba ƙarya ba ce. In ya tambayi mabuɗi, sai in ce yana wurina, mu je Tsohuwa na jira, kuma yawanci kafin mu isa ya manta da tambayar. Sarkin Gardama ya koma turo gyare-gyaren birki ƙanana-ƙanana, abin da zai iya haɗawa a guda sai ya raba shi uku. Bai taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban tambaye shi ba, kar ya nemi hujja.

Haka muka yi ta yi har jikin ya ƙara nisa. Ya daina gane ma'aikata. Ya daina ce wa ƙofa ta karkace. Layin allinsa ya fara fita a gicciye, sai in bari ya juya in gyara. Ni dai bai daina ce min Auta ba, ko da yake wani lokacin ina jin wata Autar yake nufi, mai jar riga.

Ranar da nake son ba da labarinta, muna ƙurya da hantsi, na ɗora wani gyara ina jira ya gama shiga. Yaya na zaune da kwamfutata a cinya, don yana son ya riƙe ta ko ba ya yin komai. Na ƙara masa girman haruffa saboda idonsa, har layi kaɗan ne ke cika fuskar. Ban san me ya danna ba, sai na ji yana karatu a hankali, yana bin kalmomi da yatsa. Bayanin nan nasa ne. Sunan wanda ya rubuta ya haye sama, ba a ganinsa. Na taso da sauri zan karɓe, ya ɗaga min hannu, irin ɗagawar da yake yi in yana duba aikin wani ba ya son a katse shi.

Ya karanta har ƙarshe. Na tsaya ina jiran tambayar yatsa.

Sai ya ce, "Wannan ya iya rubuta bayani. Ya kawo dalili kafin gyara. Yaran yanzu ba sa yi."

Na ce, "Haka ne."

"An haɗe?"

"An haɗe, Yaya."

"Daidai ne. Ba a wasa da birki." Ya sake kallon rubutun, ya girgiza kai. "Allah sarki. Amma abin da ciwo, mutum ya rubuta wannan da hannunsa. Kin san shi?"

"Na san shi."

"Yana da mai duba shi kuwa?"

Na ce, "Yana da mata. Yana da ƙanwa."

"To alhamdu lillahi. Ki ce su yi haƙuri da shi. Irin waɗannan mutanen wuyar sha'ani gare su." Ya ajiye kwamfutar a gefe, ya tafa hannu. "To, me muke jira? Ciko kofin, yau hannuna ba daɗi."

Na je famfo na cika shi har baki yadda yake so. Tsakanin famfo da Tsohuwa ba nisa, na sha yin tafiyar nan ko ɗigo bai faɗi ba. Ranar kafin in kai rabi ruwan ya gangaro ta yatsuna ya ɗiga a kan siminti.

Yaya ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Ya zube, Auta," in ji shi, ba tare da faɗa ba. "Koma ki sake cikowa."